Awon kifin fatsa: a rataye shi ta baki ko a sa shi a jaka?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina roƙon a raba mana wata gardama da ta daɗe tsakanin matasa masu zuwa fatsa madatsar ruwan Weija da bakin tekun Ada a nan Ghana. Kifi ɗaya mutum uku za su auna, a sami lamba uku. Wannan ya ce kilo huɗu, wancan ya ce huɗu da rabi, na ukun ya rantse biyar ne cif. Kuma yawanci ƙugiyar sikelin ake cusawa a bakin kifin, ko ta ƙarƙashin kumatunsa, a ɗaga shi sama. Haka ya dace? Wane irin sikeli ya kamata a saya, kuma yaya za a yi a gama awo kifi bai ji ciwo ba, mai awon ma bai ji ba?

Baba Mai Fatsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a kai ga maganar sikeli, a fara daina rataye kifi ta baki. Kifi ruwa ne ke ɗauke masa nauyinsa tun ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Ranar da ka rataye giwan ruwa mai kilo goma ta muƙamuƙi, duk kilo goman nan a kan mahaɗar kai da ƙashin baya suke sauka, kayan ciki kuma su zubo ƙasa. Muƙamuƙi yana gocewa, leɓe yana yagewa. Mafi muni shi ne a zura ƙugiya ta ƙarƙashin kumatu, inda jajayen nan suke da yake numfashi da su. Da ƙarfe ya taɓa su jini ya ɓalle, kifin da ya yi jini ta nan kuwa ko ka mayar da shi ruwa ya yi iyo ya tafi, da wuya ya kai labari.

Jaka ake sawa. Yadi mai santsi ko tamfol mai laushi, tsawonsa ya ɗan fi kifin da kake sa ran kamawa, a ɗinka masa hannu biyu masu ƙarfi, a huda masa ramuka a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Duk wani tela a Nima ko Sabon Zongo zai ɗinka maka idan ka zana masa.

Tsarin aikin kuma haka yake, kuma kada a sauya masa jeri. Tun kifin yana cikin ruwa, a cikin koma ko a bakin gaɓa, ka tsoma jakar ta jiƙe sharkaf, ka ɗaga ta ruwan ya gama zuba, ka rataya ta a sikeli ita kaɗai, ka mayar da sikelin sifili. Sai ka jiƙa hannuwanka, ka kwantar da kifin a kan abu mai laushi da aka jiƙa, ka cire ƙugiyar fatsa, ka tura shi cikin jaka ta kai, ka duba ƙayoyin gefensa sun kwanta a jikinsa ba su lanƙwashe ba. Ka haɗa hannayen jakar biyu a ƙugiyar sikeli, ka ɗaga a hankali. Kada ka ɗaga fiye da yadda jakar za ta bar ƙasa da kamar taƙi ɗaya. Ka karanta, ka sauke.

Alhaji Tudu: Baba, da girmamawa, amma wannan duk ai al'adar Turawa ce masu kama kifi su ɗauki hoto su sake shi. Mu nan abin da aka kama tukunya zai shiga, a ci da banku ko tuwo. Kifin da za a soya da yamma, me zai dame shi don an rataye shi ta baki?

Baba Mai Fatsa: Alhaji, idan na tukunya ne, to a kashe shi tukuna. Duka ɗaya mai ƙarfi da guntun katako a saman kai, bayan idanu kaɗan, shi ke nan. Bayan haka ka rataye shi ta inda ka ga dama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rataye mai rai yana ta fizge-fizge. An umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka. Sannan ko don lambar da kake nema, kifin da ke wutsil-wutsil ba ya ba da awo na gaskiya, allurar sikeli rawa kawai take yi. Kuma ba duk abin da ƙugiya ta kama ake ci ba. Ƙanana da masu ƙwai a ciki ai mai hankali yana mayarwa.

Injiniya Madina: Bari in ɗauki ɓangaren lamba uku da Ɗan Nima ya ambata, don kusan kullum dalilan ba su wuce huɗu ko biyar ba.

Na farko jakar. Busasshiyar jaka da jiƙaƙƙiya ba nauyinsu ɗaya ba. Misali, jakar da take giram 400 a bushe tana iya haura 600 idan ta sha ruwa. Wanda ya saita sifili da busasshiya, sannan ya sa jiƙaƙƙen kifi a ciki, ya ƙara wa kifinsa ruwa ya kira shi nama. Wanda kuma ya saita da jaka tana ɗiga, ya tsaya hira minti goma a rana ta bushe, shi ragewa ya yi. Don haka ake saita sifili dab da awo, kowane kifi da nasa saitin.

Na biyu riƙon sikelin. Sikelin rataye an yi shi ne ya sauko a miƙe daga zoben sama. Idan ka damƙe jikinsa da tafin hannu, ya karkace ko kaɗan ne, sandar ciki tana gogar bango, lambar ta sauko ƙasa da gaskiya. Ka riƙe ta zobe, ko mafi kyau ka rataye zoben a reshen itace mai ƙarfi, ko a sanduna uku da aka ɗaure kawunansu aka baza ƙafafunsu. Hannun mutum yana karkarwa idan kaya ya yi nauyi.

Na uku fam da kilo. Wannan shi ya fi haddasa rantsuwa. Kilo ɗaya fam 2.2 ne, fam ɗaya giram 454. Sikelin batir da maɓalli ɗaya yake juyawa daga wannan zuwa wancan, yatsa na iya taɓawa ba a sani ba. Mai agogo kuma, wato mai sifirin da allura, sau da yawa layi biyu ne a fuskarsa, na waje da na ciki. Kifi mai kilo 4.5 kusan fam 10 ne, to ka ga inda labarin kifi mai goma yake fitowa.

Sai iska. A bakin teku da rana ta karkata iska tana tasowa, jaka kuwa kamar tanti take, tana kama ta. Ka juya mata baya, jikinka ya kare jakar. Kuma ka tabbata jakar ba ta jingina da gwiwarka ko ciyawa ba.

Ɗan Nima: Yaya Injiniya, to tsakanin mai sifirin da mai batir wanne ya fi?

Injiniya Madina: Mai batir ya fi nuna ƙananan lambobi. Irin na auna jakar matafiya da ake sayarwa a kasuwa, yawanci yana kai kilo 50, yana tafiya giram goma-goma. Matsalarsa uku. Batir idan ya yi sanyi lamba tana yawo. Yana kashe kansa bayan ɗan lokaci, sifilin da ka saita ya tafi da shi, ka kunna da kifi a rataye ya nuna maka sifili. Sannan yana kulle lamba da kansa da zarar ya ga kamar kaya ya tsaya, ko da kifin ya ɗan yi shiru ne yana dogare da ƙasa. Maganin wannan na ƙarshe, ka auna sau uku, kana sauke jakar ƙasa tsakanin kowanne. Idan biyu sun zo ɗaya, ita ce lambarka.

Kawu na Ada: Ni a bakin ruwan gishiri mai sifirin nake ba mutane shawara. Iskar teku tana cin ƙarfen da batir ke zama a kai, ya yi kore, wata uku sikelin ya mutu. Mai agogo ba ya neman batir, ba ya kashe kansa, yana da ɗan dunƙulen da ake murzawa a dawo da allura sifili da jaka a rataye. Abin da yake so kawai a ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan an dawo, a shanya, a ɗiga masa ɗan mai. Kuma a karanta shi ido na daidai da allura. Wanda ya leƙo daga gefe ko daga sama zai ga layin da ba shi ba.

Injiniya Madina: Gaskiya ne Kawu, amma a faɗi aibinsa shi ma. Sifirin idan aka taɓa ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya miƙe ke nan har abada. Za ka murza allura ta koma sifili, ka ɗauka ya gyaru, alhali a kilo goma yana ƙara maka rabin kilo. Kuma mai agogo na kilo 50 layukansa giram ɗari biyu-biyu ne a yawancinsu. Ka ɗora masa karfasa mai giram 350, me zai gaya maka? Sikeli a tsakiyar ƙarfinsa ya fi faɗin gaskiya. Mai kama karfasa da kurungu ya nemi na kilo 5 ko 10. Mai neman giwan ruwa a tafkin Volta ya nemi na 25 ko 50. Mai batir kuma a cire masa batir idan za a ajiye, a sa shi cikin leda mai zif, kada a bar shi a rana kan dutse.

Hajiya Mai Kifi: 'Ya'yana, duk wannan magana ba ta da amfani idan ba a gwada sikelin kansa ba. Sabo ma daga kwali yana iya yin ƙarya. Gwajin kuma ba ya cin ko sidi ɗaya. Lita ɗaya ta ruwan famfo kilo ɗaya ce. Ka ɗauki galan ɗin nan rawaya da muke kira na Kufuor, ka rataye shi ba komai ciki, ka saita sifili, sannan ka riƙa zuba ruwa da abin da ka tabbata lita ɗaya ne. Ka duba a lita biyu, ka duba a goma, ka duba a ashirin. Wuri uku, domin sikeli yana iya yin daidai a ƙasa ya kauce a sama. Kada ka cika galan har baki ka ce ai an rubuta 25 a jikinsa, galan yana cin fiye da abin da aka rubuta. Kuma kada a yi da ruwan teku, ya fi nauyi. Lita ashirin ta ruwan teku ta kai kilo ashirin da rabi.

Wanda zai sayar da abin da ya kama, wannan ba zaɓi ba ne a gare shi. Sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu. Hukumar Ghana Standards Authority ita ke duba sikelin ciniki ta manna masa shaida, mai sayar da kifi da kilo ya kamata ya san hanyar ofishinsu.

Ɗan Aboabo: Hajiya, mu a Kumasi wasu da ruwan leda suke gwadawa, tunda kowace rabin lita ce, jaka guda kuma talatin ce, kilo 15 ke nan.

Hajiya Mai Kifi: Zai nuna maka idan sikelin ya haukace gaba ɗaya, amma ba zai kama ƙaramar ƙarya ba. Injin cika leda ba ya zuba daidai kullum. Giram goma a kowace leda, sau talatin, ka ga giram 300 sun ɓace ko sun ƙaru, ka ɗora wa sikeli laifin da ba nasa ba.

Wani abu kuma da matasa ba sa lura. Kifi ba ya zama a nauyi ɗaya. Wanda aka kama da hantsi aka yar a cikin kwalekwale rana na dukansa, kafin la'asar ya bushe ya ragu. Wani yana amayar da abin da ya ci tun ana jan sa. Idan aka fede aka cire kayan ciki, kusan kashi ɗaya cikin goma ya tafi, mai ƙwai ma fiye. Wanda aka binne a ƙanƙara kuma, idan ba a kakkaɓe ta daga baki da ciki ba, ƙanƙara ake aunawa. To mutum uku da suka auna a lokaci uku, kowannensu na iya zama mai gaskiya. Idan gasa ake yi a yarda tun farko: sikeli ɗaya, jaka ɗaya, mai karantawa ɗaya, kifi da cikinsa.

Nas Mamobi: Ina so a dawo kan rabin tambayar da aka bari, wato lafiyar mai awon. Yawancin raunin da masu fatsa ke samu ba lokacin jan kifi ba ne, lokacin da ya fito ne ana kokawar riƙe shi.

Kurungu da tarwaɗa da ragon ruwa duk suna da ƙaya mai ƙarfi a gefen kai, kurungu da ragon ruwa har da ta baya. Ta kurungu tana da haƙora kamar zarto, tana kuma kullewa a miƙe. Ana riƙe su ne daga baya, tafin hannu a bayan ƙayar sama, babban yatsa da manuni a bayan na gefe biyu, yadda ƙayoyin za su fito ta tsakanin yatsu. Idan ta soke ka, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka tsoma wurin a ruwan zafi iyakar wanda fata za ta jure ba tare da ƙuna ba, minti talatin ko fiye, zafi yana rage raɗaɗin dafin. Idan guntun ƙaya ya karye a ciki, ko wurin ya kumbura ya yi ja washegari, ko an daɗe ba a yi allurar tetanus ba, asibiti. Kada a zuba fetur ko toka.

Tsage kuwa haƙoransa a waje suke, yatsa ba ya kusantar bakinsa, da filaya mai dogon baki ake cire ƙugiya. Minjirya ba a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu ko kaɗan, wutarta tana iya jefar da babban mutum. A yanke zaren kawai.

Ga kuma dalilin da ya sa Baba ya ce a cire ƙugiya kafin a sa a jaka. Kifi ya yi fizga ɗaya da ƙugiya mai baki uku a leɓensa, baki ɗaya yana jikinsa, ɗaya ya shige hannunka, kun zama abu ɗaya kai da shi yana ta bugu.

Sannan masu shiga ruwa har gwiwa don jiƙa jaka a Weija ko gaɓar Volta, ku tuna akwai tsargiya a ruwan nan, ta fata take shiga. Ku sa takalmin roba mai tsawo, ko ku ɗebo ruwan da bokiti mai igiya. Wanda ya ga jini a fitsari ya je a duba shi, maganinta yana nan.

Ɗan Nima: Allah ya saka da alheri Anti. Wasu suna amfani da tsohon gidan sauro ko buhun shinkafa a madadin jaka. Ya halatta?

Baba Mai Fatsa: Gidan sauro a'a. Wanda ake rabawa a asibiti da maganin kashe sauro a jikin zarensa, maganin nan kuma guba ne ga kifi, ko kaɗan ne. Ga shi ƙaya tana sarƙewa a ramukansa. Buhun shinkafa yana yi wa kifin da aka riga aka kashe. Ga wanda za a mayar ruwa, kaushinsa yana kankare yauƙin jikinsa, yauƙin nan kuwa shi ne rigarsa da ke tsare shi daga cuta. Shi ya sa ba a kwantar da shi a busasshen yashi ko kan siminti mai zafi, ba a kuma riƙe shi da busasshen tawul.

Lokaci ma a kula. Daga fitowarsa ruwa zuwa komawarsa kada ya wuce minti ɗaya, rabin minti ya fi. Idan an shirya komai tun farko ya isa har da hoto. A yi komai a durƙushe, domin kifin da ya suɓuce daga tsayin ƙirji ya faɗi kan dutse ya gama. Wajen mayarwa, a kai shi ruwa a cikin jakar, a riƙe shi a miƙe, kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, har sai ya buga wutsiya da kansa ya ƙwace.

Kawu na Ada: A ƙara da cewa a cikin kwalekwale ba a samun awo na gaskiya. Igiyar ruwa ta ɗaga jirgi, lamba ta hau, ta sauke shi, lamba ta sauka. A bakin kogi inda Volta ke haɗuwa da teku abin ya fi tsanani. Kuma mutum ya miƙe tsaye a kwalekwale da kilo goma sha biyar a hannu ɗaya, kifin ya yi juyi, ai sai a kife. Ƙungiyar IGFA ta Amurka, mai rubuta tarihin manyan kifayen fatsa tun 1939, ba ta karɓar nauyin da aka auna a kan ruwa. Sai a tudu, da sikelin da aka tantance cikin wata goma sha biyu, a cire nauyin jaka ko igiya, idan allura ta tsaya tsakanin layi biyu kuma a ɗauki na ƙasa. Wannan ƙa'idar ta ƙarshe ko a gasar unguwa ta dace a ɗauka, tana kashe gardama.

Ɗan Aboabo: To idan kana tsakiyar ruwa, kifin kuma sakinsa za ka yi, ko ya fi ƙarfin sikelinka?

Injiniya Madina: Tef ɗin tela. Ka auna tsawo daga baki zuwa inda wutsiya ta rabu, ka zagaya tef a inda cikinsa ya fi kauri. Da inci: kauri sau kauri sau tsawo, a raba da 800, amsar fam ce. Kifi mai tsawon inci 30 da kaurin 20, ashirin sau ashirin 400, sau talatin 12,000, a raba da 800, fam 15, kusan kilo 6.8. Da santimita kuma a raba da 29,000 a sami kilo kai tsaye. Ƙiyasi ne, ya fi dacewa da kifi mai jiki irin giwan ruwa. Ga dogo siriri a raba da 900. A faɗa wa mutane cewa da tef aka samo, kada a ce an auna.

Idan kuma kana tudu sikelinka ne ya yi ƙarami, ka nemi sanda mai ƙarfi. Ka ɗora baki ɗaya a kan abu tsayayye, ka rataye ɗaya bakin a sikeli, sandar ta kwanta daidai ba karkata. Ka rataye jaka a tsakiyarta cif, ka auna tsakiyar da tef, ka saita sifili, ka sa kifi. Abin da sikeli ya nuna rabi ne, ka ninka biyu. Ka sani duk kuskuren da aka yi shi ma ya ninku. Idan akwai sikeli biyu ya fi sauƙi, ɗaya a kowane bakin sanda, a haɗa lambobin biyu, a nan ko jakar ba ta tsakiya ba komai, muddin sikelan a miƙe suke.

Alhaji Tudu: Sikelin da ake hawa a gida fa? Mutum ya hau da kifi a hannu, ya sauka ya hau shi kaɗai, a cire.

Injiniya Madina: Yana yi ga babban kifi, Alhaji, kilo goma zuwa sama, amma sai a kan siminti ko faffaɗan katako. A kan yashi ko ciyawa ƙafafunsa suna nutsewa ba daidai ba, ya ba da lambar banza. Kuma awo biyu ne, kowanne da nasa kuskuren, ga karfasa kuskuren na iya kai rabin kifin. A hau da kifi tukuna, sannan a hau ba kifi nan take da rigar da ta jiƙe, kada a canza kaya a tsakani.

Nas Mamobi: Kuma kifin da ya wuce kilo ashirin mutum biyu ke ɗaga shi, sanda ta ratsa zoben sikeli kowa ya ɗauki baki ɗaya a kafaɗa, a tashi da gwiwa ba da ƙugu ba. A duba ƙugiyar sikelin kafin a ɗaga. Ta ƙananan sikelin batir siririya ce, tana iya miƙewa a ƙarƙashin kaya, a sauya ta da ƙarfe mai kauri wanda bakinsa ke rufewa.